Na ce Joshua zai kwantar da Dubois kafin turmi na shida: ku zo mu duba inda lissafina ya karkace

Baban Khalifa (Tudun Wada):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana uku da damben boksin na filin Wembley a Landan ban ce uffan ba, har wasu sun bi ni ta waya suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Na bari ne sai zuciya ta sauka, sannan na sake kallon wasan har sau uku.

Kowa ya ga abin da na rubuta a nan ranar Alhamis. Na ce Anthony Joshua zai kwantar da Daniel Dubois kafin a shiga turmi na shida, na kuma ce yaron ba shi da zuciya, da ya ji wuya durƙusawa zai yi. Rubutun yana nan, ban goge ba, ba kuma zan goge ba. Abin da ya faru daren Asabar 21 ga Satumba 2024 kuwa kun gani: Joshua ne ya sha ƙasa sau huɗu, a turmi na 1, na 3, na 4, sannan a na 5 aka ƙirga masa goma yana laluben tashi. Ko minti ɗaya ba a cika ba a turmin ƙarshen.

Faɗuwar hasashe ba ta dame ni kamar dalilan da na gina shi a kai ba. Na ɗauki nasarori huɗu da Joshua ya yi bayan Oleksandr Usyk na Ukraine ya doke shi sau biyu, na ce mutumina ya dawo. Amma su wa ya doke? Franklin, wanda suka cinye turmi 12 sai da maki aka raba su. Helenius, wanda aka ɗauko a gurguje ya maye gurbin Dillian Whyte, alhali mako guda kafin nan ya yi wani damben. Wallin, wanda mutanensa suka tsayar da wasa bayan turmi na 5. Sai Ngannou na Kamaru, wanda damben boksin ɗinsa na biyu ke nan a duniya. A cikinsu babu matashi mai nauyin hannu da zai taso masa gadan-gadan tun daga ƙararrawar farko. Shi kuwa Dubois na auna shi da rana guda, ranar da ya sa gwiwa a ƙasa gaban Joe Joyce a 2020. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, domin na zalunci yaron da bakina.

Ɗan Samaru:
Wa'alaikumus salam. Yaya, Allah ya ƙara girma, ba kowa ke dawowa ya faɗi haka ba. Amma ka tuna ranar Juma'a na kawo maka maganar Hrgovic ka ce in bari in girma tukuna. A watan Yuni Hrgovic ya yi ta sauke wa Dubois hannun dama a turmin farko-farko, irin naushin da ke kwantar da ƙato, yaron ya shanye ya ci gaba da tafiya gaba har likita ya tsayar da wasa a turmi na 8 saboda fuskar Hrgovic ta tsage. Kafin nan a Disamba ya tsayar da Jarrell Miller a turmi na 10, mutumin da ya haura kilo 150. Wanda ya bi ta wannan hanyar ba a ce masa matsoraci.

Baban Khalifa (Tudun Wada):
Ka faɗa, ƙanena, kuma na raina maganarka saboda shekarunka. Ka yafe ni.

Ɗan Samaru:
Haba Yaya, ba komai wallahi.

Na Sabon Gari:
Ni fa ban yarda da wannan ba da haƙurin ba. Malam, lissafinka bai karkace ko'ina ba, sa'a ce kawai ta faɗa wa yaro. Naushi ɗaya ne ya lalata komai, wancan hannun daman da ya zo ta sama a ƙarshen turmin farko. Daga nan Joshua bai sake dawowa hayyacinsa ba. Kuma duk da haka a turmi na 5 ai kun ga yadda ya girgiza Dubois har ya ja baya zuwa kusurwa. Da wancan naushin haɓar ya riga sauka da yanzu wata maganar ake yi. A sake haɗa su gobe, ina nan a kan Joshua.

Baban Khalifa (Tudun Wada):
Abokina, abin da na faɗa wa kaina ke nan a daren, ina tafe gida daga gidan kallo. Amma sake kallon turmin farko tun daga farkonsa, kada ka fara daga faɗuwar. Tun a minti na farko Dubois ne ke riga shi kai hannun hagu. Shi ke tsakiyar fage, Joshua na ja da baya. Kuma dubi yadda yake ja da bayan: a miƙe, haɓa a sama, hannun hagu a sake can ƙasa wajen ƙugu. Mutum mai tsawo da ya ja baya a haka ya buɗe ƙofa ne ga naushin da ke zuwa ta sama. Dubois bai yi sa'a ba, ƙofa ya gani a buɗe ya shiga. Sa'a ba ta kayar da mutum sau huɗu.

Turmi na 5 ɗin da kake magana ma, a nan ne zuciyata ta fi karyewa. Gaskiya ne ya same shi da dama, ni ma na miƙe tsaye a kan benci. Amma sai ya bi shi da naushin ƙasa zuwa sama da hannun dama, daga nesa, gefen fuskarsa a buɗe. Dubois ya jefo gajeren dama ya riga shi isa. Naushin da ya ba shi nasara a kan Klitschko a 2017, a wannan filin na Wembley, shi ne ya je nema ya gamu da ajalin wasan.

Na Sabon Gari:
To ai ka ga zuciya ke nan. Wani da an kayar da shi sau uku sai ya nemi hanyar gida. Shi kisa ya je nema.

Baban Khalifa (Tudun Wada):
Wannan kam ban musa ba. Babu mai cewa Joshua rago ne bayan daren nan.

Mai Zare:
Ku ba ni wuri in yi magana a matsayina na wanda ya tashi a gidan damben gargajiya. Mu a wurinmu wannan wasan tun turmin farko ya ƙare. Da hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an yi kisa, sai makaɗa su ɗauka, sai wani ya sa zare. Turawa suna kallon namu su ce danye ne, ba safar hannu, zare ne a naɗe a dunƙule. Amma ku duba tsakani da Allah: mutum ya faɗi, an ƙirga masa takwas, an goge masa safa, an ce koma a ci gaba da dukan kanka. Ya sake faɗi, an sake tayar da shi. Wanne ya fi tausayi? Namu turmi uku ne, in ba kisa a raba. Nasu turmi 12, kowanne minti uku, hutun minti ɗaya a tsakani. Abin da Joshua ya sha daga turmi na 2 zuwa na 5 ni ban ga amfaninsa ba.

Malamin Kongo:
Mai Zare, maganarka tana da ƙarfi, amma da dokarku ake bi da ba a san Joshua ba ma. Klitschko ya kayar da shi a turmi na 6, ya tashi, ya huta a cikin wasan, ya gama da shi a na 11. Shi kansa Dubois a Disambar 2022 Kevin Lerena na Afirka ta Kudu ya kai shi ƙasa sau uku a turmin farko, ya tashi ya tsayar da shi a na 3. Daɗin boksin ke nan, faɗuwa ba ita ce ƙarshe ba.

Baban Khalifa (Tudun Wada):
Malam, ka ga wannan wasan na Lerena? Na kalle shi a lokacin, a ƙarƙashin damben Tyson Fury da Chisora aka yi shi. Na san da shi sarai amma da na zo hasashe ban sa shi a ma'auni ba, saboda bai dace da abin da nake so ya faru ba. Yaron da aka kayar sau uku cikin minti uku ya tashi ya ci wasa, shi na kira mara zuciya.

Mai Zare:
Malamin Kongo, na ji. Amma ka ƙirga waɗanda suka tashi suka ci, ka ƙirga waɗanda suka tashi aka ƙarasa su. Ni dai da ɗana ne a ciki, bayan turmi na 3 zan jefa tawul.

Maman Hanan:
Salamu alaikum. Ban cika sa baki a maganar dambe ba, maigida ne mai kallo, ni ina gefe. Amma aikin jinya nake yi, kuma maganar gwiwar da Dubois ya sa a ƙasa a 2020 ce ta sa na kasa yin shiru. Abin da aka tabbatar bayan wasan shi ne ƙashin da ke kewaye da idonsa na hagu ya karye, har jijiya ta taɓu. Ku sani ƙashin da ke ƙarƙashin ƙwayar ido siriri ne ƙwarai. In ya fashe, naman da ke juya ido yana iya maƙalewa a cikin tsagar, mutum ya riƙa ganin abu ɗaya biyu, wani ma sai an yi masa aiki. A irin wannan halin ne Joyce ya ci gaba da zungurar wurin da hannun hagu har turmi na 10. Yaro ɗan shekara 23 ya zaɓi idonsa. Da ya biye wa masu ihu, wataƙila da babu wanda zai tsaya a Wembley ranar Asabar. Na sha ganin samari a asibiti da suka jure abin da bai kamata a jure ba don kada a ce musu rago, iyayensu ne ke kwana a kansu, ba masu zugar ba.

Baban Khalifa (Tudun Wada):
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Da na ji wannan bayanin shekara huɗu da suka wuce da ban riƙe yaron a zuciyata haka ba. Mu 'yan kallo abu ne mai sauƙi a wurinmu, muna zaune da kofin shayi muna raba wa mutane jarumtaka.

Na Sabon Gari:
Hajiya, na yarda da maganar ido. To dambensa da Usyk fa a 2023? A turmi na 9 hannun dama kawai aka miƙa masa ya durƙusa, ya zauna har aka gama ƙirga. Can wane ƙashi ne ya karye?

Ɗan Samaru:
Yaya na Sabon Gari, wannan wasan ai ba a maganarsa ba tare da turmi na 5 ba. Dubois ya kai naushi a ciki, Usyk ya zube yana karkarwa, alƙalin wasa ya ce ƙasa da ɗamara ne ya ba shi kusan minti huɗu ya huta. Har yau mutane ba su daina jayayya a kai ba. Ni ina ganin a kan ɗamarar ya sauka. Ko ma dai mene ne, yaron ya ga kambu ya zo hannunsa an ɗauke, jikinsa ya mutu. Kuma Usyk ne fa, wanda ya doke Joshua a Landan a 2021, ya maimaita a Jidda a 2022, ya zo ya doke Fury a Riyad a watan Mayu. Wanda Usyk ya doke ba a yi masa gori.

Malamin Kongo:
Ni kuwa ina ganin ƙasa ya sauka, alƙalin bai yi kuskure ba. Amma wannan muhawarar wata rana ce, kada mu bar ta Baban Khalifa.

Baba na Ƙofar Doka:
Yara, sannunku da hira. Jikana ne ke rubuta mini, idona ba ya son wayar nan da dare.

Ɗana Baban Khalifa, kada abin ya dame ka da yawa. A 1974 ina saurayi aka yi damben Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa. Da ƙarfe huɗu na asuba aka yi shi, mu a rediyo muka samu labari. Kafin wasan duk wanda ya san dambe cewa yake Ali ya shiga uku, har masu ƙaunarsa tsoro suke ji kada a illata shi. Lissafinsu mai kyau ne: Frazier ya taɓa doke Ali, Norton ya taɓa doke Ali, shi kuwa Foreman kowannensu a turmi na 2 ya gama da shi. Foreman na da shekara 25, ba a taɓa doke shi ba, Ali na da 32. To sai Ali ya jingina da igiya ya bar shi ya yi ta duka har ƙarfinsa ya ƙare, a turmi na 8 ya kwantar da shi. Mu a nan Zariya murna muka yi kamar ɗan unguwarmu ne, saboda Musulmi ne kuma baƙar fata. Amma in gaya maka gaskiya, ba sani ne ya sa muka zaɓe shi ba, so ne. Mu son ya faɗa daidai, kai naka bai faɗa ba. Bambancin ke nan.

Abin da na gani ranar Asabar kuwa, domin yaran sun nuna mini washegari: karen bana shi ke maganin zomon bana. Ɗaya 27, ɗaya 34. Ɗaya yunwa yake ji, ɗaya ya ƙoshi tuntuni.

Baban Khalifa (Tudun Wada):
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kun taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. So ne. Tun ranar da na ga taswirar Afirka a kafaɗarsa da Najeriya a zane a ciki, tun da na ga ya kai wa Shugaba Buhari kambunansa a Landan a farkon 2020 ya kwanta ya yi gaisuwa irin ta gidansu, na daina kallonsa da idon mai auna dambe. Ina kallonsa ne kamar ƙanena.

Malamin Kongo:
A nan ne nake so mu tsaya kaɗan. Joshua asalinsa Shagamu ne ta jihar Ogun, ba musu, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Amma a Watford aka haife shi, Birtaniya ya ci wa zinare a gasar Olamfik ta 2012. Abin da da yawa ba su lura da shi ba, kocin da ya tsaya a kusurwar Dubois ranar Asabar, Don Charles, a Najeriya aka haife shi kafin ya koma Ingila. Wato ko ta ina aka juya akwai hannunmu a wasan. Mu ne dai muka zaɓi wanda za mu kira namu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke jiran wanda wata ƙasa ta raina sannan mu yi tutiya da shi. Ƙasar nan ta fitar da Hogan Bassey, zakaran duniya a 1957. Ta fitar da Dick Tiger, wanda ya kare kambunsa gaban Gene Fullmer a Ibadan a 1963, a kan ƙasarmu. Samuel Peter ya riƙe kambun duniya na hukumar WBC na masu nauyi a 2008. Yau a Zariya, garin da ke cike da makarantu da barikin soja, yaro mai sha'awar boksin ina zai dosa? Ƙarfi kuwa akwai shi, ku je kasuwar Sabon Gari ku ga masu sauke buhu.

Mai Zare:
Ya zo gidan dambe, Malam. Ƙofa a buɗe take.

Malamin Kongo:
Ba raina naku nake ba, Mai Zare, amma ka san hannu ɗaya ake naɗewa a wurinku, ɗayan na kariya ne da auna nisa. Boksin hannu biyu ne da ƙafa da numfashin minti 36. Sai an koya tun ana ƙarami.

Mai Gidan Kallo:
Ni dai abin da zan ce, ban taɓa ganin gidana ya yi tsit irin na daren ba. An ɗauke wuta tun magariba, na tayar da inji da man da na saya da tsada, mutane sun cika har waje saboda an yi sa'a lokacin Landan da namu ɗaya ne a wannan watan, ba sai an kai asuba ba kamar damben Amurka. Da Joshua ya faɗi na farko sai ka ji kamar an yi rasuwa. Mutum uku ne kawai ke murna a can baya, Ɗan Samaru na cikinsu. Abin da bai yi mini daɗi ba, akwai yaran da suka sa kuɗi a waya a kan Joshua, ɗaya har kuɗin gyaran babur ɗin ubangidansa. Na gan shi a waje yana kuka.

Baban Khalifa (Tudun Wada):
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan labarin ya fi faɗuwar Joshua tayar mini da hankali. In akwai wanda ya karanta rubutuna na Alhamis ya je ya sa kuɗinsa, ina roƙonsa gafara, kuma ina roƙonsa don Allah ya bar caca. Haramun ce, kuma ga shi kun gani da idonku: ni da na shekara ashirin ina bin damben nan ban san abin da zai faru ba. Mai Gidan Kallo, in ka san yaron ka haɗa ni da shi ta waya, ba a nan zaure ba.

Mai Gidan Kallo:
Na san shi, Malam. Zan turo maka.

Ɗan Samaru:
Ni tambayata ga manya: laifin koci nawa ne a ciki? Tun bayan Usyk na farko Joshua ke canza masu horarwa. Ya bar Rob McCracken wanda ya raine shi, ya je wurin Robert Garcia, ya koma Derrick James, sannan Ben Davison. Mutum huɗu cikin shekara uku. Kowa da irin karatunsa.

Baban Khalifa (Tudun Wada):
Tambaya mai kyau. Ni a ganina canje-canjen alama ce, ba su ne ciwon ba. Ciwon tun Yunin 2019 yake, ranar da Andy Ruiz ya kayar da shi sau huɗu a Amurka aka tsayar a turmi na 7. Ku tuna yadda abin ya faru: Joshua ne ya fara kayar da Ruiz a turmi na 3, ya ruga ya ƙarasa shi, aka tare shi da naushi a gefen kai. Da suka sake haɗuwa a Saudiyya a Disamba sai ya rage nauyi, ya yi ta zagaye yana zungura daga nesa har turmi 12, ya karɓi kambunansa da maki. Tun daga nan yake tsakanin mutum biyu: mai farauta na da, da mai taka-tsantsan na yanzu. Ranar Asabar ya shigo da tsayuwar mai taka-tsantsan amma hannu a sake kamar mai farauta, sai ya rasa duka biyun. Kuma yadda wasan ya ƙare kusan hoton na Ruiz ne: ya ji ya taɓa mutum, ya manta da tsaro. Wannan duk na san shi kafin Alhamis. Na rufe ido ne.

Inda zan ɗora wa kusurwarsa laifi shi ne bayan turmin farko. Mutumin da ƙafarsa ba ta dawo ba, abin da ake so ya riƙe abokin karawa, ya jingina, ya cinye lokaci, ko da zai ba da turmi biyu ko uku a maki. Ban ga ya yi hakan yadda ya kamata ba.

Na Sabon Gari:
To yanzu me kuke so, ya ajiye? Lennox Lewis an kwantar da shi sau biyu, McCall a 1994, Rahman a 2001, kuma duka ya dawo ya rama. Foreman da Baba ke magana ai yana da shekara 45 ya sake cin kambu a 1994.

Maman Hanan:
Ni da za a tambaye ni, ya ajiye. Ƙwaƙwalwa ba kamar tsoka ba ce da motsa jiki ke ƙara mata ƙarfi. Duk faɗuwar da kuka gani girgiza ce ta samu a cikin ƙoƙon kai, kuma abin taruwa yake yi. Yana da dukiya, yana da ɗa, yana da mahaifiya. Me ya rage?

Mai Zare:
Hajiya, ɗan dambe ba ya jin wannan. Na ga waɗanda aka yi wa kisa sau biyar a jere, da sun ji kiɗa sai jikinsu ya ɗauki rawa.

Baban Khalifa (Tudun Wada):
Na Sabon Gari, misalin Lewis yana da kyau amma akwai bambanci. Lewis naushi ɗaya ne ya ɗauke shi a duka biyun. Joshua kuwa turmi biyar aka yi ana fin ƙarfinsa. Ban isa in ce wa mutum ya bar sana'arsa ba, kuma bayan abin da ya faru ba ni da bakin yanke hukunci. Abin da zuciyata ke so dai, in zai sake, kada ya koma wa Dubois kai tsaye. Damben da duniya ta daɗe tana jira shi ne shi da Fury, ya yi wannan ya huta.

Na Sabon Gari:
Ni dai ina nan inda nake. Ranar da ya dawo ya ci zan nemo wannan hirar.

Baba na Ƙofar Doka:
Ka nemo, ɗana, Allah ya kai mu. Riƙon amana ba laifi ba ne.

Ɗan Samaru:
Yaya Baban Khalifa, saura na 21 ga Disamba 2024, Usyk da Fury karo na biyu a Riyad. Wa ka ɗauka?

Baban Khalifa (Tudun Wada):
Ba yau ba, ƙanena. Na farkon da aka yi a Mayu sau ɗaya na kalle shi, kuma ina goyon Fury a lokacin, don haka turmi na 9 kawai nake tunawa, inda igiya ta riƙe shi. Alƙalai biyu sun ba Usyk, ɗaya ya ba Fury, ina so in zauna da takarda da biro in ba da makina turmi bayan turmi in ga inda zan faɗa. In kana da cikakken wasan a waya ka zo da shi ranar Lahadi bayan la'asar, mu kalla tare, kai ma ka riƙe taka takardar.

Ɗan Samaru:
Ina da shi, Yaya. Zan shigo in sha Allahu.

Mai Gidan Kallo:
Ku zo wurina ku kalla a babban allo, ba wasan ƙwallo a wannan lokacin sai ƙarfe huɗu da rabi. Ku zo tun azahar. Malamin Kongo, kai ma ka zo ka zama alƙali na uku.

Malamin Kongo:
Zan zo. A tanadar wa Baba kujera a gaba in jikansa zai kawo shi.